Yadda mai haɗa tabarau zai koma wakilin saida kaya na kamfani

Da yawa cikin masu haɗa tabarau a nan Katsina in suka ga wakilin kamfani ya shigo shago da jakarshi, ya baje firem a kan kanta, ya rubuta oda ya fita, sai su ga ai shi ke cin daɗin sana'ar, su kuma an barsu da ƙurar injin yankan gilashi da ƙorafin kwastoma. Aikin yana da daɗinshi kam, ni ma benci na fara yi, wato teburin da ake yanka gilashi a haɗa tabarau, kafin na ɗauki jaka, amma ka sani tun yanzu cewa wanda kake wa aiki ne ya canza. A benci mai matsalar ido ne gabanka, shi ya zo da ƙafarshi yana buƙatarka. A wakilci kuwa mai shago ne gabanka, kai ka zo bai kira ka ba, kuma abin da ya dame shi ɗaya ne, kayan da zaka ajiye mishi su bar kanta su zama kuɗi. Ilimin da ka kwaso daga benci shi ne jarinka, don shi zai sa ka san abin da zai fita da wanda zai kwana.

Kayan da zaka tanada

Jakar samfur mai tire-tire, wadda kowane firem ke da ɗakinshi, kuma mai zif da ke rufewa ruf saboda hazo. In baka samu ba ƙaramin akwati na tafiya ya isa, ka sa teloli su ɗinka maka soso da yadi mai laushi a ciki, kowane firem kuma ka barshi cikin ledarshi.

Ƙananan kayan gyara da ka saba da su, kar ka barsu a shago: sukudireba ƙarama, filaya ta lanƙwasa hannun firem, robar hanci, ƙananan noti, rular awon PD (tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ido biyu), alƙalamin maka na yin alama a gilashi, tsumman goge gilashi masu yawa. Wasu wakilai basa ɗaukar waɗannan don basu iya amfani da su ba, kai ka iya, zaka ga amfaninsu a mataki na 6.

Ƙaramar tocila ta UV da gilashi ɗaya mai canza kala, wanda ke yin baƙi in hasken UV irin na rana ya taɓa shi, da guntayen gilashi na gwaji masu ƙarfi ɗaya amma kauri daban-daban. Sai waya mai kyamara mai kyau da WhatsApp Business, da fawa banki. Littafin rasit mai kwafi, da wani littafin daban mai kauri na bashi, da takardar farashi mai kwanan wata a samanta. Kati mai sunanka da lamba in da hali. Abin hawa kuma babur ya ishe ka cikin gari, na nesa ka shiga motar gwamnatin jiha ta KTSTA ko motar haya, ba sai ka jira ka mallaki mota ba.

1. Ka fara sanin wane irin wakilci kake nema

Ba iri ɗaya bane. Akwai wakilin dilan firem da tabarau na rana, shi jakarshi cike take kuma cinikinshi na ido ne, abin da ya yi kyau da farashin da ya yi daidai. Akwai wakilin kamfanin gilashi ko na lab inda ake sarrafa gilashi bisa takardar awo, shi jakarshi ba nauyi amma kanshi ne ke ɗauke da kayan, kuma a ganina nan ne wanda ya fito daga benci ya fi kowa ƙarfi. Akwai na injina, su lensmita mai auna ƙarfin gilashi da injin yanka, ciniki ɗaya sai a daɗe ana bibiya kuma sau da yawa ana so ka iya ɗan gyara.

Manyan sunayen da kake gani, Essilor na Faransa da Luxottica na Italiya sun haɗe tun 2018 sun zama kamfani guda, su ke da Ray-Ban da Oakley da Varilux, sai Zeiss na Jamus da Hoya na Japan. Da wuya ka fara da su kai tsaye daga Katsina. Yawanci da dila zaka fara, wanda ke shigo da kaya ta Legas ko yake da babban sito a Kano yana neman wanda zai riƙe mishi wannan yanki, kuma mafi yawan kayan da zai baka na Chana ne, firem daga Wenzhou ko Shenzhen, gilashi daga Danyang. Ba abin kunya bane, su ne kayan da mutanenmu ke iya saye, kuma a cikinsu ma akwai mai kyau akwai na banza.

2. Shirin da zaka yi tun kana benci

Kar ka ajiye aiki tukuna. Ka ɗauki wata biyu ko uku kana rubuta duk firem da ya fita a shagon da kake: girmanshi, kalarshi, ƙarfe ne ko roba, namiji ya saya ko mace ko na yaro ne, nawa aka saida shi, da wanda aka dawo da shi da dalili. Ka rubuta har waɗanda suka shekara a kanta ba wanda ya taɓa. Wannan littafin ya fi takardar CV ɗinka daraja ranar intabiyu, don dila a Legas bai san abin da dattijon Katsina ke so ya ɗora a hancinshi ba.

Rajistarka da ODORBN, hukumar da aka kafa a 1989 mai kula da masu awon ido da masu haɗa tabarau, kar ka bari ta mutu don ka bar benci, ka ci gaba da sabuntawa. Tana sa likitoci su saurare ka, kuma in wakilcin bai karɓe ka ba kana da wurin komawa.

Ka tara abin da zai riƙe gida na ɗan lokaci, saboda watannin farko kamasho ba ya zuwa yadda ake tsammani. Sannan maigidanka, ka same shi ka gaya mishi da bakinka tun da wuri, ka bashi lokaci ya samu wani, in ma da hali ka koya wa yaron da zai gaje ka. Kar ka kwashi lambobin kwastomominshi, kar ka tafi da faɗa. Masu shagon tabarau a Katsina ba su da yawa kuma duk sun san juna, shi ɗin nan da ka bari shi ne ya kamata ya zama wanda zai fara yi maka oda.

3. Neman aikin da yarjejeniya

Hanya mafi sauƙi ita ce wakilan da ke shigowa shagonku da dilolin da maigidanka ke saro kaya wurinsu, ka tambaye su ko suna da mutum a Katsina da Daura. Taron shekara-shekara na ƙungiyar likitocin awon ido ta ƙasa, NOA, dilolin kaya na baje koli a wurin, in ka samu dama ka je ka karɓi lambobi.

In an kira ka kar ka tsaya kana lissafa injinan da ka iya, shi ba mai yanka yake nema ba. Ka nuna mishi shagunan da ka sani, da waɗanda zasu buɗe maka ƙofa gobe, da littafin nan naka. Toh sai maganar kuɗi, a nan ne sababbi ke jin kunya su amsa da to kawai. Ka tambaya kuma a rubuta:

Albashi ne da kamasho ko kamasho zalla? Kamashon a kan odar da ka rubuta ake lissafa shi ko a kan kuɗin da ya shiga asusun kamfani? Yawanci na biyun ne, wanda ke nufin in mai shago bai biya ba kai ma baka ci ba. Wa ke biyan kuɗin mota da mai da kwana? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan tambayar ta fi ƙarfin wasa, tafiya ɗaya Funtua zata iya cinye kamashon oda guda. In mai shago na yankinka ya kira ofis kai tsaye ya yi oda, kana da rabo ko babu? In samfur ya ɓace ko ya karye wa zai biya? In bashi ya maƙale wa ke ɗauka? Kuma ina ne iyakar yankinka, don kar wakilin Kano ya riƙa shigowa Kankia da Daura da farashin da ya fi naka sauƙi.

In suka ƙi rubutawa a takarda, aƙalla ka tura musu abin da kuka yi magana a WhatsApp su amsa da eh, ka ajiye. Wanda ya ƙi wannan ma, ka nemi wani.

4. Ka san kayanka har ka iya bayaninsu da Hausa

Lambobin da ke cikin hannun firem ka san su, misali 52 da 18 da 140, faɗin gilashi da gadar hanci da tsawon hannu. Abin da ya canza shi ne yanzu zaka yi amfani da su wurin zaɓa wa shago kaya. Firem mai 52 da 18, in ka haɗa su, daga tsakiyar gilashi ɗaya zuwa tsakiyar ɗayan 70 kenan, in mai PD 64 ya ɗauka sai an matsar da kowane gilashi milimita 3 ciki, wannan ba komai. Amma in ka cika wa shago manyan firem masu faɗi saboda su ake yayi, alhali shagon na kusa da asibiti ne kuma masu zuwa da awo mai ƙarfi sun yi yawa, gilashin zai fito da kauri a gefe, kwastoma ya ƙi karɓa, mai shago kuma kai zai tuna. Irin wannan shagon ka ware mishi ƙananan firem masu cikakken baki.

Ka iya bambanta asitet da TR90, su biyun nau'in robar firem ne, da ƙarfe mai rufi da taitaniyam a hannu. Da zufar da muke yi a Afrilu da Mayu, ƙarfe mai arha kan yi kore a inda ya taɓa fata kuma wasu yana musu ƙaiƙayi, ka faɗa tun kafin a tambaye ka. TR90 ba nauyi kuma yana jure wa yara, sai dai ba ya karɓar gyara da zafi kamar asitet.

Gilashi kuma ka jera guntayen gwajin a tafin hannun mai shago, gilashin roba na yau da kullum CR-39 na 1.50, da 1.56, da 1.61, da 1.67, ya gani da idonshi yadda kauri ke raguwa in lambar na ƙaruwa, ya fi dogon surutu. Polikabonet na 1.59 shi ne na yara da masu ido ɗaya da masu aikin da abu kan iya fallatsa musu, don ba ya fashewa da sauƙi, amma yana saurin ƙarcewa in rufinshi ba mai kyau bane.

Abu biyu kar ka ɓoye a kan mai canza kala: ba ya yin baƙi sosai a cikin mota saboda gilashin gaban mota na tare hasken UV da ke sa shi canzawa, kuma cikin tsananin zafi baƙinshi ba ya kai na lokacin hunturu. Direban da aka saida wa shi da sunan zai tare mishi rana a hanyar Kano zai dawo, shi folarayiz, gilashin rana mai kashe ƙyallin haske, ya dace da shi. Bulukot kuma, gilashin da ke rage shuɗin haske irin na waya, da kowa ke tambaya yanzu, ka saida shi a matsayin abin da yake, kar ka ce yana maganin ciwon ido ko yana hana ido lalacewa, babban nazarin da aka tattara a 2023 bai nuna yana rage gajiyar ido daga kallon waya ba. Likitan da ya karanta wannan in ya ji ka faɗi akasin haka ya gama da kai.

Sai jabu. Firem da aka buga wa sunan Ray-Ban ko Gucci alhali farashinshi bai kai na kwalin na gaskiya ba, kar ka rantse wa kowa cewa orijina ne. In dilanka irin kayan da yake so ka tura kenan da wannan sunan, ka canza dila.

5. Tsara hanya

Ka rubuta duk inda ake saida tabarau ko ake awon ido a yankinka, shaguna, asibitocin kuɗi masu sashen ido, da kemis-kemis manya masu ajiye gilashin karatu. Ka raba su uku a ranka: masu saye da yawa kuma su biya, masu saye kaɗan-kaɗan, da waɗanda baka sani ba tukuna. Cikin Katsina rana ɗaya ko biyu, Daura ka haɗa ta da Mashi da Mani a tafiya guda, Funtua da Malumfashi da Bakori tafiya guda. Asibitocin gwamnati irin Asibitin Koyarwa na Tarayya suna da tsarin sayen kaya ta ofis da takardu, wannan kamfaninka ne zai shiga gaba, kai dai ka san ma'aikatan sashen ido ku saba.

Ka tambayi direbobin tasha halin hanya kafin ka tashi, musamman wajen kudu da yamma, ka fita da safe ka dawo kafin la'asar sakaliya, kuma kar ka yawo da tsabar kuɗi, a tura a asusu. Juma'a bayan sha biyu ba ranar shiga shago bace. Kar ka bar jaka a but ɗin mota ko a rana, zafi na lanƙwasa asitet kuma yana tsattsaga rufin gilashi.

Lokutan da kaya ke tafiya ka riga su: kafin azumi gilashin karatu, don dattawa da duk wanda ya haura 40 sai ya zauna da Alƙur'ani yake gane idon ya ja baya, kafin Sallah na kwalliya, da kaka kuma wajen Funtua kuɗi na hannun manoma.

6. Shiga shago

Ka kira ko ka tura saƙo tun jiya. In ka shiga ka samu kwastoma a gaba, ka yi sallama ka koma gefe ka yi shiru, kar ka buɗe jaka, kar ka sa baki a cinikin ko da ka ga ana kuskure. Bayan an gaisa an tambayi gida da kasuwa, ka fara duba kantarshi kafin taka.

Ga yadda nake yi. Sai in ce, Alhaji ranka ya daɗe, waɗanne ne suka fi fita wannan watan? Ya nuna. In ce waɗannan na sama fa? Ya ce ai waɗannan sun gaji da zama. In ɗauko ɗaya in ɗora a kan gilashin kanta, sai ka ga hannu ɗaya ya taɓa ƙasa ɗaya na lilo, in fito da filaya in daidaita, in ɗaure notin, in canza robar hancin da ta yi rawaya, in goge in mayar. Firem ɗin ma ba na kamfaninmu bane. Minti biyar ne, amma daga nan maganar ta canza, shi da kanshi zai ce to Malam mu ga abin da ka zo da shi.

Kar ka zazzage jaka duka. Tire biyu ko uku da suka dace da abin da ya gaya maka, ka miƙa mishi ya riƙe, ya buɗe hannun ya rufe ya ji ƙarfin mahaɗin. Ka jawo yaron benci cikin maganar, ka tambaye shi ko ramin firem ɗin zai riƙe gilashi da kyau, don shi ne zai riƙa miƙa wa kwastoma in ka tafi, wanda ya raina yaran shago kayanshi a ƙasan kanta suke ƙarewa. In Hajiya ce mai shagon ko likita ce, ka ajiye tiren a teburi ta ɗauka da kanta, kuma ka tambaye ta firem ɗin da hannunshi ba ya matsa wa mai hijabi a bayan kunne, mata sun fi mu sanin wannan.

In ya ce ya yi tsada, kar ka rage nan take, ka yi mishi lissafin abin da zai saida da ribar da zata rage mishi. In ya ce albarka ko ya ce sai wani zuwan, ka yi godiya ka tafi da fara'a, ka rubuta ranar da zaka dawo. Kuma in ka ga yana son ɗaukar abin da ka san ba zai fita a unguwarshi ba, ka hana shi, ko da cinikin da kamfani ya yanka maka na watan bai cika ba.

7. Bashi

Nan ne wakilai ke faɗuwa, ba wurin talla ba. Bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma ba yadda zaka yi wannan aikin ba ka bada kaya a kan amana ba, amma da ƙa'ida. Sabon shago odar farko kuɗi hannu, ko da kaɗan ce. Ta biyu rabi. Sai ka ga yadda yake cika alkawari sannan ka buɗe mishi, kuma kowane shago ka sa mishi iyakar da ba zai wuce ba. Ba a ɗora sabon kaya a kan tsohon bashi da ya wuce wa'adi, ko abokinka ne, ko tsohon maigidanka ne, ka ce tsarin kamfani ne ba naka ba, kuma gaskiya ka faɗa.

Kowace oda a rubuta lambar firem, kala, adadi, farashi, ranar biya, ya sa hannu, ka ɗauki hoto ka tura mishi ka tura ofis. Kuɗi asusun kamfani zai shiga, kar ka yarda a turo naka ko da na awa ɗaya ne, ranar da lissafi ya rikice ba wanda zai tuna da kyakkyawar niyyarka. Ka tuna mishi kwana biyu kafin wa'adi cikin ladabi, kuma kar ka taɓa tambayar bashi gaban kwastoma ko gaban yaranshi, ka ja shi gefe. Tun da darajar naira ta fara hawa da sauka sosai a 2023 farashi na iya canzawa tsakanin zuwa da zuwa, shi ya sa na ce takardar farashi ta kasance da kwanan wata, ka kuma gaya mishi har yaushe wannan farashin zai tsaya.

In bashi ya maƙale kuma ka ga mutumin ba mugunta yake ba kasuwa ce ta tsaya, ka karɓo kayan da basu fita ba in suna da kyau ka kai wani shago, saura a yanka mishi biya mako-mako.

8. Bayan an kai kaya

Ranar da kaya suka iso tasha ka ƙirga da kanka kafin ka kai, ka duba kala da lamba. In gilashin lab ne ka ɗora a lensmita na shagon a gabanshi. Ƙorafi in ya zo ka amsa a ranar, ka je ka duba, kai ka san bambancin firem da ya karye don aibin masana'anta da wanda aka zauna a kai, da furogiresib, gilashin da ya haɗa gani na nesa da na kusa ba layi, wanda lab ta lalata da wanda aka ɗauki tsayinshi ba daidai ba. In laifin shagon ne ka nuna wa yaron yadda ake ɗaukar awon a natse ba tare da ka kunyata shi ba, in na kamfani ne ka tsaya sai an canza.

In baka samu kamfani ba

Zaka iya farawa da kanka kana nan a bencin, in maigida ya amince. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusu da sunan, ka sari dozin kaɗan a Kano na irin waɗanda littafinka ya nuna suna fita, da gilashin karatu daga +1.00 zuwa +3.00, ka fi yawaita na tsakiya, da igiyar rataya da kwali da tsumma, ka riƙa zagaya shaguna ranar hutunka. A wannan matakin kar ka bada bashi ko kaɗan, jarin bai kai ba. Ka ajiye kwafin kowane rasit a jere da kwanan wata, su zaka ɗauka ka kai wa dila in ka koma neman wakilcin.